Wutar Bubu Torika

A ƙauyensu na bakin kogin Rewa, inda ruwan sama ba ya sallama, murhun Torika, wadda ake kira Bubu, wato Kaka, shi ne ke fara hayaƙi. Itace ko yana ɗiga, ita ko a jikinta. Sai ta murɗe ledar burodi, ta ƙyasta ashana, ledar ta narke a kan itacen, kafin ka ce kwabo rogo ya hau tafasa. Maƙwabciyarta na can tana busa har ido ya yi ja, ita kuwa ta leƙo: "Ke Vasemaca, wuta kike hurawa ko addu'a?"

Da wannan wutar ta raini 'ya'ya shida, ta yi jinyar miji har ta binne shi. Mace ce da ba ta iya zama ba, ko a coci ƙafarta rawa take. Yanzu jikarta Sereima take riƙo, 'yar shekara bakwai, uwar tana aiki a birnin Suva. Kullum safiya yarinyar na tsugune a bakin murhu, ita ce mai miƙo leda, ita ce mai fifita.

Wajen wanka Torika ta ga ƙirjin yarinyar ya fara tasawa. Yarinyar da ko giɓinta bai cike ba! Ta sa ta a kwalekwale, sai asibiti.

Ma'aikaciyar jinya ta yi tambaye-tambaye, har ta zo kan, "Da me kuke hura wuta?"

"Da leda mana, 'yar nan. A wannan ruwan da me za a hura?"

"Bubu, ba zan rantse miki ita ce ba, sai likita ya duba ta a Suva. Amma roba na da sinadaran da kan shiga jiki su tayar da abin da lokacinsa bai yi ba. Hayaƙin nan, da miya mai zafi a roba, ki raba ta da su."

Torika ta dawo ta kasa zaune ta kasa tsaye. Ta kwaso robobin gidan kaf ta tara a tsakar gida, har ta ɗauko ashana, sannan ta tuna hayaƙin ne aka hana. Ta tsaya tana kallonsu, ga haushi ga kunya.

Washegari aka tashi da ruwa. Ta nemo ɓawon kwakwa irin yadda uwarta ke yi, ta durƙusa tana busa. Hayaƙin Vasemaca ya tashi. "Torika, yau ke ce da addu'ar?"

Sereima ta ruga ɗaki ta dawo da leda, a murɗe tsaf yadda aka koya mata.

"Bubu, mantawa kika yi? Ungo."

Torika ta karɓe ledar ta danne ta da gwiwa. "Fita waje."

"Ana ruwa fa!"

"Gara ruwan."

Ta sunkuya ta ci gaba da busa, idonta na zubar da hawaye, alhali ko hayaƙi bai tashi ba.