Tafiyarmu Legas Sayen Motar Baba

Laraba: Minna zuwa Ibadan

Ƙarfe biyar da rabi na asuba maigidana ya kawo ni daga Fadikpe ya sauke ni a ƙofar gidanmu da ke Tudun Wada. Na tarar Baba ya dawo daga masallaci, yana tsaye da jakarsa da sandarsa. Sama da shekara talatin ya yi yana jan tankar mai tsakanin Kudu da Arewa, har ciwon gwiwar hagu ya sauke shi. Da ya sayar da tankarsa sai ya ce buri ɗaya ya rage masa: ya mallaki motar tsere mai ƙofa biyu, irin waɗanda suka daɗe suna wuce shi fuu a hanya yana hangen su daga sama. Kuma mai giyar hannu yake so, da kulocinta.

Umma ta ja ni gefe a zaure ta rage murya.

"Bilkisu, likita ya ce ƙafar nan ba ta son matsi. Ni na yi magana har na gaji. Ke ya koya wa tuƙi da hannunsa, wataƙila ya saurare ki."

Dalilin da ya sa na ɗauki hutu a makarantar da nake koyarwa ke nan na bi shi.

Shida da kwata motar haya ta tashi da mu. Daga Minna zuwa Bida kilomita tamanin ne da wani abu, amma ramuka suka ci mana sama da awa biyu. Baba na gidan gaba, ni ina bayansa. Duk lokacin da direba ya sa giya ta yi ƙara, sai in ga kafaɗar Baba ta motsa. A karo na uku ya kasa haƙuri.

"Direba, saurare ta mana. Ita za ta gaya maka lokacin da take so. Ba a yi wa giya dole."

"Alhaji tsohon hannu ne ke nan?"

"Na ɗan taɓa."

A Bida muka karya da ƙosai da kunu. Muka wuce Mokwa wajen sha ɗaya, muka haye gadar Jebba ruwan Neja na ƙyalli a ƙarƙashinmu, muka yi azahar a Ilorin. Shingayen bincike ban ƙirga su ba, amma babu inda aka tsayar da mu fiye da minti biyar. Abin da na lura da shi shi ne, duk inda muka sauka sai Baba ya dafa ƙofa ya jima kafin ƙafar ta miƙe. Na buɗe baki a Ogbomosho na ce, "Baba, ai masu otomatik ɗin ma suna da gudu."

"Uwata," haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa gare ni, "wannan ba tuƙi ba ne. Zama ne a kujera mota tana tafiya da kai."

Ban ƙara ba. Daf da magariba muka shiga Sabo ta Ibadan, muka sauka gidan ƙanwarsa Goggo Rabi. Ta yi mana tuwon shinkafa da miyar taushe, ta kuma dafa ruwan zafi aka gasa masa gwiwa.

Alhamis: Legas

Bakwai na safe muka tashi, goma saura muna filin sayar da motocin da aka shigo da su daga waje. Dillalin da aka haɗa mu da shi sunansa Emeka, kuma ashe a kwatas ɗin reluwe na Minna ya tashi. Da ya ji daga inda muke sai ya washe baki.

"Kai, mutanen gida! Baba, motan da kana so akwai shi guda biyu. Ja na hannu ne, fari otomatik."

Ƙirar Japan ne dukansu, shekara ɗaya, inji iri ɗaya. Gajeru ne ƙwarai, rufinsu bai wuce ƙirjina ba. Baba ko kallon farar bai yi ba. Ya zagaya jar, ya buɗe gaba ya saurari inji, ya duba baƙin mai, ya shinshina shi. Emeka ya yi masa bayani ba ɓoye-ɓoye: ta hannu ta fi sauƙin gyara, duk bakanike ya san ta, kuma in batir ya mutu a tura ta tashi. Otomatik kuwa tana son mai na musamman a kan lokaci, in giyarta ta lalace sai an nemi gwani.

"Amma Baba, kulocin wannan yana da nauyi fa. Ba kamar na ƙaramin mota ba."

"Tanka na ja, ɗana."

Muka fita gwaji, ni a gefensa. Mintuna biyar na farko ban taɓa ganin fuskar Baba haka ba. Ɗaya, biyu, uku, ba ka jin shigar giya sai dai gurnanin inji ya canza. Sai muka faɗa cikin cunkoso a hawan wata gada. A matsa taku biyu, a tsaya. A taka kuloci, a saki, a sake takawa. Wajen minti ashirin muna haka. Na ga gumi na bin wuyansa, na ga gwiwar tana rawa a ƙarƙashin rigarsa. Da layi ya motsa ya zo sakin kuloci, ƙafar ta kufce. Motar ta yi tsalle ta mutu, sannan ta fara silalowa baya. Na ja birkin hannu da sauri. Mai bas ɗin da ke bayanmu ya danna ham yana ta faɗa da Yarbanci.

Baba ya riƙe sitiyari da hannu biyu. Can ya ce, "Zagayo ki karɓa."

Ni na mayar da mu filin. Duk hanya idonsa na kan hannuna, amma bai gyara mini ko sau ɗaya ba. Da muka isa ya zauna a benci ƙarƙashin rumfa, ya sha ruwa, ya yi ta kallon jar motar har aka kira azahar. Na ji tausayinsa har na manta da saƙon Umma.

"Baba, in jar kake so a saya. Duk inda za ka ni zan kai ka."

Ya dube ni ya girgiza kai.

"Ban zo Legas don in sayi motar da za a riƙa ɗauka ta a ciki ba. Emeka, kawo makullin farar."

La'asar aka gama ciniki da takardun kwastan. Muka kwana a Agege gidan wani tsohon abokin aikinsa.

Juma'a: Legas zuwa Ilorin

Shida da rabi muka kama hanya, Baba a kan sitiyari. Kafin mu fita gari sau biyu ƙafarsa ta hagu ta je neman kuloci ta faɗa kan birki, har goshina ya kusa bugun gilashi. Ya tsaya gefen titi, ya cire takalmin hagu ya miƙo mini, ya lanƙwashe ƙafar can gefe.

"Ke kuma kin yi ritaya," ya ce mata.

Hannun damansa ne bai daina ba. Har Ibadan yana kaiwa ga giya yana dawowa wayam. Muka yi Juma'a a Sabo, Goggo Rabi ta zagaya motar tana salati. A wani shinge bayan Oyo jami'in kwastan ya duba takardu, ya leƙo ya ga furfura.

"Baba, taka ce ko ta ɗanka?"

"Tawa ce. Shi ya jira tasa."

Biyar na yamma muka shiga Ilorin, muka kama ɗaki biyu a wani masauki, muka ci amala.

Asabar: Ilorin zuwa gida

Bayan Jebba akwai wani miƙaƙƙen wuri mai kyau. Muka tarar da tankoki uku a jere suna hawa da ƙyar. Baba ya leƙa, ya ga hanya fayau, ya taka totur. Motar ta rage giya da kanta, ta yi wani gurnani, bayana ya manne da kujera. Kafin in gama bisimilla mun wuce su duka. Ya ɗaga wa direban gaba hannu, shi ma ya amsa masa da ham.

"Kin ji inda ta canza?" ya ce. "Daidai wurin da zan canza ne. Wanda ya ƙera ta ya san aiki."

Daga Bida muka koma lallaɓawa, domin motar ƙasa-ƙasa ce, kowane rami sai an bi shi a karkace. Huɗu da kwata muka tsaya a ƙofar gida. Baba ya fito, ya taka ƙafar, ya sake takawa. Kwana biyu yana tuƙi ba ta kumbura ba.

Umma ta fito da mayafinta, ta leƙa ciki ta duba ƙasan sitiyari.

"Abin takawa biyu kawai?"

"Biyu. Wannan tafi, wannan tsaya," in ji Baba.

"Ikon Allah. Da irinta aka samu lokacin da ka ce za ka koya mini, kana ta yi mini tsawa a kan kuloci har na fita na bar maka motarka a tsakiyar fili, da yanzu ni ma direba ce."

Ni ban taɓa jin wannan labari ba. Baba ya sunkuyar da kai yana murmushi, sannan ya buɗe mata ƙofar direba.

"Shiga ki zauna, Hajiya. Gobe bayan hantsi mu je filin. Ba zan ɗaga murya ba."

Ta dube ni, ta dube shi, ta tattara zanenta ta shiga.

Mun gode wa Allah da Ya kai mu lafiya Ya dawo da mu lafiya. Goggo Rabi, da mai masaukinmu na Agege, da Emeka da ya faɗa mana gaskiya, Allah Ya saka musu da alheri.