Kafintan Sashen Ƙafar Roba

A babban asibitin koyarwa, idan ka wuce wurin karɓar magani ka bi dogon barandan da ya zagaya bayan ɗakin hoto, za ka fara jin ƙarar injin goge roba tun kafin ka ga ƙofar. Nan ne sashen da ake yi wa waɗanda suka rasa ƙafa ko hannu na roba. Wanda ya fi kowa daɗewa a wurin, Kafinta ake ce masa. Yana da takardar shaidar wannan aiki, yana da farar riga irin ta ma'aikatan lafiya, amma sunan ya ƙi sakinsa.

A matsayin kafinta ya shigo. A lokacin asibitin gini huɗu ne kacal: ɗakin maza, ɗakin mata, ɗakin haihuwa, sai ɗakin tiyata guda. Shekarar da aka haɗa shi da jami'a don a riƙa horar da likitoci ne aka ɗauki Kafinta aikin gyaran tagogi da ƙera bencinan ɗalibai. A gabansa aka gina wurin ajiyar jini, aka gina sashen yara, aka kawo injinan wankin ƙoda. Yakan ce babu ƙofar da bai san kukanta ba a tsofaffin gine-ginen nan.

Yana shekara ta uku a aikin, motar kaya ta kife da yayansa, wanda direba ne. Aka ceto ransa, amma aka yanke masa ƙafar hagu ƙasa da gwiwa. Asibitin bai fara yin ƙafa ba tukuna, sanduna biyu aka ba shi aka sallame shi. Yaya, mutumin da bakinsa ba ya hutawa, ya koma gida ya juya fuska bango. Ko yaransa suka shigo gaishe shi, da ka yake amsawa.

Kafinta ya kasa jure ganin haka. Ya samo itace marar nauyi, ya fafe cikinsa, ya shimfiɗa soso, ya haɗa masa maɗauri na fata. Yaya ya taka ta, ya kai bakin titi ya dawo, har ya yi dariya. Kwana tara bayan haka dungulmin ya goge ya fara ruwa.

Likitan ƙashin da ya yi aikin, wani saurayi mai saurin fushi, ya duba ciwon, sannan ya ɗaga ƙafar itacen yana jujjuya ta.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ne, likita."

"Ka kusa jawo masa yanka na biyu. Ka san haka?"

"Yanzu na sani."

Likitan ya jera ta da lafiyayyar ƙafar Yaya. "Amma tsawon bai kuskure ba. Da me ka auna?"

"Da igiya. Sauran kuma na daɗe ina ganin tafiyarsa."

Wannan likitan ne ya yi ta sintiri a ofisoshi har aka tura Kafinta kwas na shekara biyu. Da ya dawo aka share masa wani tsohon sito, aka sa masa teburi da murhun narka roba. Daga nan sashen ya fara. Yau ɗakuna shida ne, ma'aikata goma sha ɗaya, ana zuwa daga garuruwa masu nisa.

Bayan shekara talatin, likitan, wanda yanzu Farfesa ne mai furfura, ya leƙo ɗakin aiki wata Litinin ya ce yana so Kafinta ya koyar da ɗaliban aji biyar darasi guda.

"Zan yi, ranka ya daɗe," in ji shi, ko tsayar da gugar bai yi ba. "Amma ba ni da abin rubutawa a allo."

Da ya faɗa wa matarsa, sai ta ce, "Kai da bayanin inda ka ajiye makulli ma sai an ja ka? Allah ya ba yaran nan haƙuri."

"Ai ba ni zan yi surutun ba. Yaya zan kai musu."

Ranar Laraba da hantsi ɗalibai kusan sittin suka cika ɗakin karatu. Yaya, wanda ya haura saba'in, ya shigo cikin dogon wando da takalmi sau ciki, ya taka daga ƙofa zuwa taga ya dawo, yana ɗaga musu hannu kamar mai neman ƙuri'a. Kafinta ya ce kowa ya faɗi wace ce ta roba. Fiye da rabi suka ce ta dama. Yaya ya naɗe wandon hagu, ya ƙwanƙwasa da yatsa, ɗakin ya ɗauki dariya.

Sannan Kafinta ya cire ƙafar, ya nuna musu dungulmin: inda aka bar nama ya rufe ƙashi, inda ɗinkin ya kauce wa wurin da nauyi ke sauka.

"Ku a awa biyu za ku gama yankanku ku wanke hannu," ya ce. "Shi kuwa a kan abin da kuka bari zai tsaya har ƙarshen rayuwarsa. In kun bar ƙashi da tsini, duk iyawata ba zan iya ɓoye shi ba."

Wata ɗaliba a layi na biyu, mai tabarau, ta ɗaga hannu. Tana cikin waɗanda suka ce ta hagu.

"Baba, ni ba cinka na yi ba. Kafaɗarsa ta hagu tana ɗan sauka duk lokacin da ya taka. Kamar ƙafar ta gaza."

Farfesa, da ke zaune a baya, ya gyara zama. Kafinta ya mayar wa Yaya ƙafar, ya sa shi ya sake takawa, shi kuma ya tsuguna yana kallo daga baya. Sau biyu ya sa shi ya je ya dawo.

"Gaskiyarki," ya ce. "Ta gaza. Dungulmin ya rame, yana nutsewa ciki. Kullum ina ganinsa, idona ya saba, ban lura ba." Ya juya ga yayansa. "Yaya, tun yaushe?"

Yaya ya sosa ƙeya. "Wata uku. Safa biyu nake sawa."

"Shi ne ba ka faɗa mini ba?"

"In faɗa maka ka ƙwace ta sati biyu? Ni da nake da wuraren zuwa?"

Aka sake fashewa da dariya, har da Farfesa. Kafinta ya aika aka kawo bandejin filasta na ɗaukar siffar dungulmi da bokitin ruwa, ya kira ɗalibar gaba.

"Ke kika gani, ke za ki ɗauki awon. Naɗe hannun rigarki, 'yata."

Ya riƙe hannunta yana nuna mata inda za ta danna da babban yatsa da inda za ta sassauta, sauran suka taso suka kewaye su. Darasin awa ɗaya ya ci awa biyu da rabi. Yaya ya yi kwana goma a kan sanduna yana mita, ya karɓi sabuwar ƙafarsa, kafaɗar ta daidaita.

Tun daga shekarar aka sa darasin cikin jadawalin aji biyar. Ɗalibar kuwa ta gama, ta zaɓi aikin ƙashi, ta zauna a asibitin. Ita ta fara abin da yanzu ya zama ƙa'idar sashensu: kafin a yanke wa mutum ƙafa, in ba na gaggawa ba ne, sai an kira mai yin ta roba ya gani.

Makon jiya ta aiko a kira Kafinta saboda wata malamar makaranta da ciwon sukari ya ci wa ƙafa. Ya je ya duba, ya nuna wa likitar wurin da za a yanka da yatsa, ta ja layi da alƙalami. Malamar ta dube shi ta ce ita damuwarta ɗaya, a tsaye take koyarwa.

"Aji nawa kike shiga a rana?" ya tambaye ta.

"Biyar."

"To ki ce su riƙe miki ajinki. Wata huɗu nake nema."