Tulun Iri a Ƙarƙashin Murhu

A ƙauyenmu, can bayan Gwiwa, idan sanyi ya shigo, da an idar da sallar magariba muke tattaruwa a ɗakin Iya Tabawa, mahaifiyar babanmu. Takan hura kara a tsakar ɗaki, ta tura gyaɗa cikin toka, mu kuma mu jeru muna miƙa tafin hannu. Yawancin tatsuniyoyinta na dariya ne. Amma wani yammaci yayata Ladi ta ture tuwonta, ta ce ita ta gaji da gero. Iya ba ta yi faɗa ba. Ta ɗauki kwanon ta rufe, ta ce, "Yau ba tatsuniya zan yi muku ba. Wannan a kaina ya faru."

Ta ce lokacin tana ƙaramar mace, da 'yarta ɗaya, Turawa suka shiga babban yaƙinsu. Ba wanda ya ji ƙarar bindiga a ƙasar Kazaure. Abin da ya zo shi ne saƙo daga sama, ta bakin dagaci: kowane gida ya kawo gero, da gyaɗa, da fata, mai jaki ya kawo jakinsa. An ce sojoji ne za su ci, da mutanen da aka kai haƙar kuza. Daga Roni har Babura, hanya ba ta rabuwa da ayarin jakuna masu nufar Kano. Mata suna sussuka har hannu ya fashe, maza suna ɗaure mangala.

Shekarar farko an jure. Ta biyu ruwa ya ɗauke da wuri, gero bai yi ido ba, amma abin da ake nema bai ragu ba. Kakanmu ya kora jakuna da kayan, daga can aka zarce da shi wurin kuza. Ranar da Iya ta ji masu awon hatsin da ake karɓa sun iso gidan maƙwabta, sai ta cika ƙaramin tulu da gero, mafi kyawun abin da suka girba, ta liƙe bakinsa da laka, ta binne a ƙarƙashin murhu, ta hura wuta a kai. Suka zo suka share rumbu, suka bar abin da bai fi na wata biyu ba.

Kafin bazara ta yi nisa an koma cin dusa da busasshiyar tafasa. Mutum bakwai ne a gidan. Yarinyar, wadda Iya ba ta kiran sunanta don 'yar fari ce, ƙafafunta suka fara kumbura.

Iya ta ce, "Surukata ta dafa ni ta ce, 'Tabawa, tono tulun nan ki dama mata kunu.' Na ce, 'Inna, in na tono yau, gobe ma zan tono. In ruwa ya sauka me za mu shuka? Duk garin ba mai iri.' Ta ce, 'To, ke da Allah.'"

Kullum a kan wurin take girki, tana dafa ganye, yarinyar na goye a bayanta. Ta ce da farko tana jin nauyinta, daga baya sai ta riƙa kai hannu tana taɓawa don ta tabbatar tana nan. Yarinyar ta rasu saura kwana tara ruwan shuka ya sauka. Iya da surukarta suka fasa tulun, suka shuke gonar, su biyu. Gonar ta yi kyau. Da kaka masu awo suka dawo suka ɗauki nasu a ciki.

Kakanmu ya dawo da tarin da bai rabu da shi ba har mutuwarsa. Shi ya gaya mata cewa a wurin da ake tara kayan, kusa da layin dogo, ya ga buhunan gero jibge a fili, ruwa ya dake su har sun tsiro.

Ni ce na tambaya, da wauta irin ta yara, "Iya, da kin tono, da ta rayu?"

Ta daɗe tana jujjuya kara a wuta. Sannan ta ce, "Na fi shekara arba'in ina tambaya. Ba a ba ni amsa ba."

A lokacin na ɗauka darasin shi ne haƙuri da hangen nesa, domin babanmu an haife shi bayan wannan damina, ba don tulun ba da wataƙila ba mu zo duniya ba. Sai da na haifi tawa, ta kwanta zazzaɓi a asibitin Kazaure, na gane ba yabon kanta Iya take yi ba. Tana nuna mana zaɓin da aka tilasta mata ne, a kan yaƙin da ba ta san dalilinsa ba.

Yanzu ina koyar da tarihi a makarantar sakandare. Littafinmu ya yi shafuka a kan waɗanda suka tafi filin daga, game da ƙauyuka irin namu kuwa, layi ɗaya ne: sun ba da gudummawar abinci. Duk shekara idan muka zo wannan layin nakan rufe littafin, in ce wa ɗalibai kowa ya je gida ya tambayi mafi tsufa a danginsu, daga bakin wa aka cire abincin.