Abin da Ba a Kai wa Fada

Jiya shugabar makarantarmu da ke Gesse ta miƙa mini littafin koya wa ɗalibai sanin jikinsu. Iyaye a cocinmu sun rabu a kansa, wasu na cewa zai buɗe wa yara ido, wasu na cewa ai waya ta riga mu. Tun da na karɓe shi na kasa zama wuri ɗaya, sai tunanin matar katikis ɗinmu, mai koyar da addini a cocin Argungu, wadda ta rasu bara.

Ina shekara goma sha uku na fara ganin jinin al'ada. Ba wanda ya taɓa gaya mini, sai na ɗauka wani zunubi na aikata. Ranar Asabar na shiga layin masu ikirarin zunubi a gaban Fada, limamin cocinmu. Matar katikis ta hango ni, ta ja ni gidansu a bayan coci inda take bandar kifi, hayaƙi na cin idanunmu.

"Ɗiyata, me za ki faɗa wa Fada?"

Na faɗa mata. Ta goge hannunta mai ƙarni a zani, ta kama nawa.

"Abin da Allah ya halitta ba a kai shi ikirari. Zauna."

Ta kira mini kowane abu da sunansa, har da wanda Coci ta ce a jira aure, da dalilin jiran. Ko muryarta ba ta rage ba.

Ranar Litinin 'yan matan ajina za su zuba mini ido, kuma har yanzu ban san shafin da matar katikis za ta karanta da wanda za ta tsallake ba, da tana raye. Mama, Ubangiji ya ba ki hutu na har abada, ni kuma ya ba ni bakin da ba zai tsorata yarinya ba.