Babban Yatsan Malama

Ranar Litinin, bakwai ga watan Maris, direban motar ma'aikata ya fara ganinta. Ta shigo a makare, rungume da wani faffaɗan kwali, ta zauna a bayansa, ta roƙe shi ya riƙa bin ramuka a hankali. Ya dube ta ta madubi ya ce, "Ƙwai ne a ciki?"

Ta ce, "Rana ce."

Ya wuni yana dariya shi kaɗai. Kafin shekara ta zagayo an ɗaura musu aure. Yana kiranta Malama, tana kiransa Direba, har 'ya'ya suka girma ba su canza ba.

Aikinta a cibiyar binciken rana ba mai hayaniya ba ne. Ɗaki ne mai taga ɗaya, da kwamfuta, da fanka mai ƙara. Kullum na'urori suna aiko da hotunan fuskar rana, masu nuna inda ƙarfin maganaɗisu ya taru, nan fari, can baƙi. Ita za ta jera biyu, na ɗazu da na yanzu, ta auna yadda tabon ya canza, daga nan ta ƙiyasta ƙarfin lantarkin da ya jawo canjin, don shi ba a ɗaukar hotonsa. Da lissafinta abokan aikinta suke zana maganaɗisun zoben hasken nan da ke kewaye da rana, wanda ido kan gani lokacin husufi. In lissafinta ya karkace a ƙasa, komai na sama ya karkace.

Direba bai taɓa gane lissafin ba, amma ya san ka'idojinta biyu, don har gida take kawo su. Hoto ɗaya ba ya nuna motsi, sai an jera shi da ɗan'uwansa. Kuma ko an jera, wani ɓangare ne kawai ake gani, sauran zato ne. Ba ta taɓa haɗa gani da zato a kwano ɗaya ba. Takan ce, wannan na gani, wannan kuwa zatona ne.

Bayan ya yi ritaya, in ta dawo da yamma yakan ce, "Malama, yau ranar taki ta motsa?"

"Ta motsa, Direba. Kai ne dai tun safe kake kan kujerar nan."

Ana nan, wata safiya ta faɗi a ɗakin girki. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Aka sallamo ta daga asibiti zuwa gida, ana kawo wata mai motsa mata gaɓoɓi. Aikin da ciwo, duk zuwan matar sai Malama ta yi hawaye. Watanni suka shuɗe, hannun yana nan kamar ba nata ba.

Rannan babbar 'yarsu ta ja Direba gefe, a bakin ƙofar ɗakin Malama. "Baba, don Allah a ƙyale Mama ta huta. Kullum kuka, kuma ba abin da ya canza. Ni na kasa jurewa."

Ya ce ta zauna, ya ciro wayarsa. Ashe tun dawowarsu daga asibiti, kowace safiya in ya goge wa Malama fuska, sai ya ɗora hannun a kan matashi ɗaya, ya ja labule zuwa wuri ɗaya, ya zauna a kan kujerarsa ya ɗauki hoto. Ya nuna mata na farko, ya nuna mata na yau. A na farko babban yatsa a lanƙwashe yake cikin tafi. A na yau ya ɗan rabu da sauran, tazarar da ƙwayar wake za ta shiga.

"Baba, ba kai ka gyara mata shi ba?"

"Haba 'yar nan, da ina iyawa ai da tuni na miƙe shi gaba ɗaya."

Ta daɗe tana kallo. "To zai warke ke nan?"

Bakinsa ya so ya ce i. Ya waiwaya ya ga idon Malama a kansa, irin kallon da take yi masa in ya ƙara gishiri a labari.

Ya ce, "Yatsa ya ɗaga, wannan na gani. Warkewa kuwa zatona ne."

Wani sauti ya fito daga gadon. Suka ruga a tsorace, sai suka tarar dariya take yi, da rabin baki. Ya durƙusa ya nuna mata hotunan, ya tambaye ta, a ci gaba ko a bari? Ta sa hannun hagu ta kamo na daman, ta miƙa masa.

An ci gaba. Malama ba ta koma aiki ba, magana kuma ba ta dawo duka ba, sai kalmomi kaɗan, ciki har da "Direba". Hannun ya kai ga riƙe cokali, bai wuce nan ba. Ta rayu shekara shida bayan haka, ta rasu a ɗakinta, mijinta na kusa. Shi yanzu yana gidan babbar 'yarsu.