Jar Hular da Ta Ɓata Ƙirga

Da za a yi sadakar arba'in ɗin mahaifinmu a unguwar Nima, yayata ta kafe sai an ɗauki bidiyo. Ba don tunawa da mamaci ba fa. So take ta san wa ya zo, wa ya ƙi, ta rama ranar da nasu ya taso. Aka tare layi da rumfuna, mai bidiyo ya hau benen maƙwabta ya saita na'urarsa kan titi. Ba wanda ya ɗaga kai ya lura da shi.

Washegari ta zauna gaban talabijin tana ƙirga mutane gida-gida. Na unguwar Madina sun zo, na unguwar Maamobi rabi, wance ko leƙowa ba ta yi ba. Can sai ta zabura: "Kai! A mayar baya!"

Wani tsoho ne, abokin mahaifinmu, wanda ya yi dako a kasuwar Malam Atta har bayansa ya ƙi. Ga shi da farar hula, ya karɓi shinkafa da wake a ganye, ya fita. An jima ga shi da jar hula, kai a sunkuye, ya sake miƙa hannu. Kowa a layin ya san matarsa na kwance, ba mai dafa musu. Yayata ma ta sani sarai.

Na ce, "Yaya, don Allah ki rabu da shi." Ta ce ai ya ɓata mata ƙirga.

Ta aika a kira shi, wai ya zo ya ga kansa a talabijin. Bawan Allah har riga ya sake, ya ɗora jar hular nan. Ɗaki cike da mata. Da fuskarsa ta fito ya washe baki don murna. Sai ga zuwa na biyu. Yayata ta tsayar da hoton, ta ce, "Baba, wannan ƙaninka ne? Ɗaya zan ƙirga ko biyu?" Dariya ta ɓarke, har da masu riƙe ciki. Wallahi har yau ban yafe mata ba.

Ya daɗe yana kallon hoton. Sannan ya cire hular, ya ce, "Ta mahaifinki ce. Shi ya ba ni, ya ce in riƙa sauyawa in zan karɓo wa mai ɗakina, kada a yi mini dariya."

Ya ajiye ta kan talabijin ya fita, kai ba hula. Daga ranar ba a sake ganinsa a sadakar kowa ba.