Kwanon Baba Da Yake Dawowa Tas

Shekarun baya, lokacin tumbina bai kai haka ba, na taɓa zama ɗan sandan ciki a gidanmu na garin Ƙofa, ba albashi ba kaki. Abin da nake bincike a kai kuwa kwanon tuwo ne.

Mahaifina manomi ne da a da yake saɓa buhun dawa kamar matashin kai. Sai ciwon zuciya ya kama shi. Likita a birni ya ce zuciyar ta gaji, ba ta tura jini yadda ya kamata, shi ya sa ruwa yake taruwa a ƙafafunsa da ƙirjinsa. Jikin ma ya zube. Damtse ya koma kamar kara, buta sai da hannu biyu, daga ɗaki zuwa zaure sai ya tsaya ya huta. Aka ba shi magani, aka ja mana kunne: a rage gishiri sosai, ban da dunƙulen miya, ban da kanwa. In ruwan ya sake taruwa, to gadon asibiti ne, ko abin da ya fi shi.

Mahaifiyata ta riƙa yi masa miyarsa daban. Na taɓa ɗanɗanawa, wallahi ruwan randa ya fi ta armashi. Amma kullum bayan magariba a kai masa kwanonsa ƙofar gida, kwano ya dawo tas kamar an wanke. Muna ta murna, sai ga kumburi ya dawo. Takalmi ya daina shiga, in ka danna yatsa a ƙafarsa ramin sai ya zauna ya ƙi tashi, ga haki ko magana yake yi. Na ce a'a, akwai mai yi mana fasa-ƙwaurin gishiri a gidan nan.

Na fara da mahaifiyata. "Inna, tsakaninki da Allah, ba kya ɗan barbaɗa masa?"

Ta ɗaga muciya. "Ni za ka tuhuma? Ina dafa wa mutumin nan tun ba a san za a yi ka ba. Fice mini daga madafa!"

Na ɗaga tabarmarsa ko yana ɓoye maganinsa maimakon sha, babu. Ƙanwata da ke aure a Burumburum ta zo dubiya da ƙwaryar nono, na tare ta a zaure ina bincike kamar a bakin boda. Ta ce, "Yaya, ko ɗankwalin ma zan cire ka duba?" Har akuyar gidan sai da na yi mata kallon rashin yarda.

Wurin da ban taɓa zargi ba shi ne ciyayya. A unguwarmu dattawa kan zauna a tabarma ɗaya bayan magariba, kowa a fito masa da kwanon gidansa, a haɗa a ci tare. Wa zai tuhumi masu furfura da carbi? To a ƙarshe ni na tuhuma. Na tsuguna kusa da su ina ta shafa babur ɗina da lafiyarsa ƙalau, ina satar kallo. Sai na ga aminin Baba, malamin allon unguwarmu, ya jawo kwanon gidanmu gabansa, ya tura wa Baba nasa, miyar kuka tana ƙamshin daddawa da dunƙule.

"Allah ya gafarta Malam, wannan kwanon kamar na gidanmu."

Ko gezau bai yi ba. "Na gidanku ne. Bi da bi muke cinye shi, yau ni ya faɗo wa. Lada muke nema, don dai daɗi babu shi a ciki."

Baba ya harare ni. "Kai, wa ya aiko ka?"

Malam ya ce, "Mun ga yana ramewa, wannan miyar taku ba ta haɗiyuwa a wurinsa. Muka ce ya ci namu ya samu ƙarfi, mu share nasa kada ran uwarka ya ɓaci."

Nan take na kafa doka: Baba ya daina fita ciyayya. Kumburi ya sauka, na fara tafiya ina buɗa kafaɗa. Sai dai Baba loma biyu yake yi ya ture kwano, ya juya fuska bango. Da babu abin fita, tafiyar ma ya daina. Wata safiya ya yunƙura zai tashi, gwiwa ta ƙi, ya zube jikin ƙofa. Da muka koma asibiti likita ya ce, "Kun kori ruwan, kuna shirin korar mutumin. Tsoho mai rauni haka, in ya bar ci ya bar motsi, ƙarfin da ya tafi da wuya ya dawo."

Mahaifiyata ce ta yafa mayafi ta bi gidajen dattawan nan ɗaya bayan ɗaya. Ban san me ta faɗa wa matan ba. Na dai ga daga ranar duk kwanon da zai fito ciyayya ba gishiri sosai, sai citta da tafarnuwa da albasa. Gishirin kuma a kan murfin kwano yake zuwa, kowa ya tsakura, in an zo kan Baba a tsallake.

Sai Baba ya ce, "Malam, ko ƙwaya ɗaya mana."

"Ko kallonsa kada ka yawaita, ɗan sandanka yana leƙe."

Baba ya ga damina da dama bayan haka, da sandarsa, yana takawa zuwa tabarmar nan da ƙafarsa. Ni na tsaya gadin gishiri na manta me yake sa tsoho ya buɗe baki ya ci. Har yau in na ga kwanon mara lafiya ya dawo tas, sai na tambayi da wa ya ci.

Bayan rasuwarsa na ga dattawan ba su daina fito da gishiri a murfi ba. Na tambayi Malam dalili. Ya ce, "Mun saba. Kuma har yanzu in murfin ya zo gurbinsa, sai na ji hannuna ya tsallake."